Shekarar da Rawani Ya Bar Gidanmu

'Ya'yana, na san abin da kuke ji in kun je Kafin Marke biki ko gaisuwar mutuwa. Ba a faɗa muku a ido, amma ana faɗa ta yadda za ku ji: wai ubanku ne ya fitar da sarauta daga gidan kakanninku, wai boko ya hau masa kai har ya kai ƙarar wansa uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara da shekaru ina jin wannan ina yin shiru, ba don na rasa amsa ba, sai don wanda zancen ya shafa ya riga mu gidan gaskiya, ga kuma 'ya'yansa da nake jin nauyi. Yanzu na ajiye alli, gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara gardama, na ga in na tafi da maganar nan a ciki, ta masu tsegumi ce za ta zauna. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku karanta ku yanke naku hukuncin, amma kada wani ya ɗauka ba da haƙuri na zo yi.

Mahaifinmu shi ne dagacin Kafin Marke, ƙauyenmu da ke tsakanin Balan da hanyar Ajingi. Da ya rasu aka naɗa babban ɗansa, Yaya Garba. Ni ne auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce shi ya haife ni. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa makaranta a Gaya, shi ya zane ni ranar da na gudo, shi kuma ya sake mayar da ni washegari ina kuka yana fito. Ku rubuta wannan ku ajiye: Yaya Garba bai taɓa cin ko ƙwayar gero ta talaka ba. Mutum ne mai tsoron Allah, mai kyauta, ga ban dariya in ya ga dama. Aibinsa ɗaya ne, kuma a lokacin mutane yabonsa suke yi da shi: in ya faɗi magana, ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya komawa baya. Tun da na fara karatun shari'a ya laƙaba mini suna Alƙalin Turawa, ko a gaban baƙi haka yake kirana.

Da na gama karatu jami'a ta riƙe ni ina koyarwa. Fannin da na ɗauka, wanda a kansa na tsufa har aka kira ni farfesa, shi ne dokar gudanar da mulki da ta tsarin mulki. In an cire manyan kalmomi, ba wani abu ba ne illa dokar da ke nuna wa mai iko inda ikonsa ya tsaya. Darasin farko da nake fara wa ɗalibai kowace shekara shi ne ba a yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. A lokacin ana ta maganar sake fasalin ƙananan hukumomi, abokan aikina kuwa, masu ɗaura laktaye cikin zafin bazara, suna ta rubuta cewa dagatai ba su san komai ba sai danniya. Abin ya riƙa ba ni haushi. Na ce zan rubuta kundin babban digirina a kan yadda ake shari'a a zauren dagaci, in nuna musu cewa kafin Bature ya zo da littafinsa, kakana yana sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara. Da wannan niyya na zo gida dogon hutu, shekara biyu bayan babban farin nan da ya cinye amfanin gona da dabbobi. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu a damansa, ya ce wa mutanen zaure:

"Ga Alƙalin Turawa ya zo ɗaukar karatu. Kowa ya gyara bakinsa, don in ka yi tari ma rubutawa zai yi."

Sati uku ina zaune ina rubutu, kuma wallahi abin da na gani ya faranta mini rai. Rikicin iyakar gona, akuya ta shiga shuka, rabon taki tsakanin 'yan'uwa, duk sai ya ji kowa kafin ya buɗe baki. Sai ranar da Sambo ya shigo.

Sambo Bafulatani ne, amma ba baƙo ba. Ubansa ne ya sare dajin da ke gabas da gari tun zamanin kakanmu, suka zauna suna noma suna kiwo. Da rani a gonarmu shanunsa suke kwana su bar mana taki, nonon gidansa muka sha muka girma. To, a garinmu akwai wata al'ada da kowa ya sani. Wanda ya tafi cirani yakan bar jinkar rumbunsa a kai, alamar zai dawo. Wanda ya yi ƙaura kuwa yakan sauke jinkar ya bar rumbun a buɗe. In aka ga jinka a sauke, damina ɗaya kuma ta wuce ba a noma gonar ba, to gona ta koma hannun dagaci, ya ba wanda ya ga ya dace. Bayan fari Sambo ya kora shanunsa kudu da iyalinsa. Mai unguwa ya je ya ga rumbunan a buɗe, ɗakunan ma babu rufi. Damina ta wuce. Yaya ya ba Malam Idi gonar, wani magidanci mai tarin 'ya'ya da ya taso daga Balan. Yanzu ga Sambo ya dawo da shanu bakwai ramammu, ya tarar da geron wani ya kai gwiwa a gonar ubansa.

Ya tuɓe takalmi, ya ajiye sanda a waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce:

"Ranka ya daɗe, a kan maganar gonata na zo. Ina so a ji yadda aka yi."

Yaya ya ɗaga hannu ya ce:

"Sambo, sannu da hanya. Amma jinka ta riga ta yi magana. Wannan zance ya wuce. Je ka, za a duba maka wata gonar saura."

Sambo ya buɗe baki zai ƙara, fadawa suka ce ya yi godiya ya tashi. Sau uku yana zuwa a cikin sati guda, sau uku ana sallamarsa bai kai ƙarshen jimlarsa ba. Ni kuwa ina kan buzu da biro a hannu, na rasa abin da zan rubuta.

Ranar kasuwar Ajingi na ga Sambo a kara, inda ake cinikin dabbobi, ya kawo ɗaya daga cikin shanun zai sayar ya ci da yara. Na ja shi gindin wata darbejiya na ce ya gaya mini abin da yake son faɗa a zaure. Sai ya ce:

"Malam Haladu, ni ban sauke jinka don ƙaura ba. Shanu ne suka cinye ta. Da ciyawa ta ƙare, kara ya ƙare, ganyen bishiya ya ƙare, sai na zare bunun ɗakuna na jiƙa da ruwan kanwa na ba su. Da ya ƙare na hau rumbu. Jinkar ƙarshe wata saniya mai ciki na ba, ita ma ba ta kai ba. Wa zai yi ƙaura ya bar kabarin ubansa a bakin gona?"

Nan na gane inda kuskuren yake. Manomi ba zai taɓa kawowa a ransa cewa mutum zai ciyar da rufin rumbunsa ba, don shi rumbu ne ransa. Mai unguwa da ya je dubawa manomi ne, Yaya manomi ne, duk sun karanta alamar da idon manomi. Akwai waɗanda suka san gaskiya a garin, daga baya na gane, amma babu mai ƙarfin halin ce wa dagaci ya yi kuskure.

Da la'asar na sami Yaya shi kaɗai a turakarsa yana gyara zaren carbi. Na kwashe labari kaf na gaya masa. Na ga fuskarsa ta canza, na kuma san ya yarda. Amma sai ya ce:

"Ko da haka ne, na riga na ba Idi a gaban jama'a. Ya shuka."

Na ce, "Yaya, ban ce ka ƙwace daga Idi yau ba. Ka kira Sambo ka saurare shi kawai."

Ya ce, "Kai yaro ne har yanzu. In na saurare shi, dole in yi masa adalci. In na yi masa adalci, na ci maganata. Dagacin da ya ci maganarsa sau ɗaya, gobe ko kaza ba za ta ji korarsa ba."

A duk littattafan da na karanta kafin wannan rana da bayanta, ban taɓa ganin inda aka bayyana dalilin da ke sa mai iko ya toshe kunne kamar yadda Yaya ya bayyana shi a jimla uku ba. Na ce masa in bai saurare shi ba, Sambo yana da ikon kai kuka gaban hakimi. Ya yi dariya ya ce Sambo ko sunansa bai iya rubutawa ba. Na ce ni na iya. Nan dariyar ta tsaya.

Kafin gari ya waye maganar ta kai cikin gida. Inna, mahaifiyarmu, ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba. Ita ba ta kama sunan Yaya, don ɗan fari ne, sai dai ta ce Dagaci. Ta ce:

"Auta, me nake ji? Dagacin da ya goya ka a keke shi za ka tsayar a gaban mutane? Ana barin halak don kunya fa."

Na ce, "Inna, in halak ɗina ne sai in bari. Wannan na Sambo ne, ba ni da ikon barinsa."

Ta ce, "To ka bar shi ya je Gaya wurin masu rubuta wasiƙa mana. Dole sai da hannunka? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Gaskiyarta ta wani gefen. Da na so, da na faɗa wa wani mai rubutu a bakin kasuwa abin da zai rubuta, in koma jami'a abina, babu wanda zai san da ni. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma sai na ga kaina wata biyu masu zuwa a gaban allo ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa mai iko ba shi da ikon toshe kunne, alhali ni na laɓe a bayan wani don mai ikon wana ne. Ko dai abin da nake koyarwa gaskiya ne har a Kafin Marke, ko kuwa in ajiye shi in nemi wata sana'a. Na ce wa Inna ta yafe mini. Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba," ta shige ɗaki.

Na rubuta takardar koke da Hausa, shafi ɗaya. Ban zagi kowa ba, ban ce an ci hanci ba, ban ma ce a mayar da gona ba. Abu ɗaya na roƙa: a saurari Sambo. Ya dangwala yatsa, ni kuma na rubuta sunana cikakke a ƙasa a matsayin wanda ya rubuta. Kafin ta bar garin na kai wa Yaya, na karanta masa daga farko har ƙarshe, don kada wani ya ce na yi masa yankan baya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Na shimfiɗa maka buzu a damana, ashe ni kake rubutawa. Tashi ka ba ni wuri, Haladu."

Ran nan ne ya fara kirana da sunana tun da na girma.

Hakimi ya kira zama a Gaya bayan kwana goma. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma ban ga laifinsa ko ɗaya a abin da ya yi ba. Ya zaunar da Yaya a inda ya dace da darajarsa, ya ce Sambo ya faɗi ta bakinsa. Sambo ya faɗi abin da ya gaya mini, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo kan saniyar nan mai ciki, zauren ya yi tsit, don babu wanda farin bai taɓa ba. Hakimi ya juya ga Yaya ya ce:

"Dagaci, kuskure ne da kowa zai iya yi. Ba zan yanke maka hukunci a ƙasarka ba. Ka koma gida, ka zaunar da su biyun, ka ji kowa, ka sake duba maganar da kanka."

Kun ga, ƙofa ce aka buɗe masa mai faɗi. Ba a tsige shi ba, ba a ci mutuncinsa ba. Na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan an rabu lafiya. Sai Yaya ya gyara zama ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, bakin da ya ba Idi gona ba zai iya karɓe ta ba. Sambo kuma yana da gaskiya, na ji. Tunda haka ne, a nemi wani bakin. Ina roƙo a kai maganata gaba, na yi murabus."

Hakimi ya ba shi baki, dattawa suka ba shi baki, ya ƙi. Da yamma ya shiga Kafin Marke da hula kawai a kansa, rawanin yana naɗe a hammata. Bayan 'yan watanni aka naɗa wani daga ɗaya gidan da ke neman sarautar tun zamanin kakanni, kuma har yau tana can. Sabon dagaci ya bar Idi ya girbe abin da ya shuka, sannan gona ta koma ga Sambo. Idi aka ba shi wata saura mai faƙo, ya sha wahalarta shekaru, kuma shi bai yi wa kowa laifi ba. Wannan yana damuna har gobe, ban taɓa samun amsarsa a littafi ba.

To, wa ya fitar da rawani daga gidanmu? Da hannunsa Yaya ya kwance shi. Amma ba zan fake da wannan ba, don na san halinsa fiye da kowa, kuma a can ƙasan zuciyata na san yana iya yin haka tun ranar da na ɗauki biro. Na sani, na kuma rubuta. Abin da ya biyo baya na sha shi da ɗacinsa. Dagatan yankin nan kaf suka rufe mini zaurukansu, daga Kademi har Ajingi, sai da na tafi wata ƙasa mai nisa na ƙarasa binciken. Kundin da na so in wanke dagatai da shi ya koma kundi a kan abin da ke hana mai iko sauraro, kuma a kan wannan tambaya na yi sauran rayuwata ta jami'a. A jami'ar ma ban tsira ba, don masu laktaye sun ɗauka na shigo sahunsu, da na ce musu jami'in gwamnati mai fayil ya fi Yaya toshe kunne sau goma, kuma shi ba ya murabus, sai suka juya mini baya. Gida kuwa shekara huɗu ban taka zaurenmu ba. Inna ce ta fara saukowa. Ranar kasuwar Ajingi takan ce za ta je sayen kanwa, ni kuma in taso tun daga Kano a ƙaramar mota, mu zauna a rumfar wata ƙawarta mai ƙuli-ƙuli, ta yi mini faɗa na awa guda sannan ta cusa mini daddawa a jaka. A wannan rumfa ta fara ganin babbar yayarku tana jaririya.

A shekara ta biyar aka aiko cewa Yaya yana kwance, ciwon ya yi tsanani. Na iso da hantsi. 'Ya'yansa maza suna zaune a bakin ƙofa, babbansu ya tare ni ya ce:

"Baba Haladu, don Allah in ka shiga ka nemi gafararsa a kan maganar nan. Kalma ɗaya ce. Ka bar shi ya tafi da sanyin zuciya."

Na shiga. Ya rame har na kusa kasa gane shi, amma idon nan yana nan. Na durƙusa na kama hannunsa, hawaye suka zubo mini, don ina ƙaunar mutumin nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Ya dube ni ya ce:

"Alƙalin Turawa. An ce ka zo neman gafara."

Na ce, "Na zo, Yaya. Ka yafe mini rashin kunyar ƙuruciya, da gudun makaranta, da shekarun da ban zo ba, da duk abin da na yi maka na sani da wanda ban sani ba. Amma ban da takardar Sambo. Ita ban yi laifi ba, kuma da za a sake, zan sake."

Na ji ɗaya daga cikin yaran ya yi salati a bakin ƙofa. Yaya ya rufe ido, na ɗauka ya yi fushi. Can sai na ga kafaɗarsa tana motsi, ashe dariya yake, irin wadda ba ta da sauti. Ya ce:

"Da ka ce ka tuba, da na san ƙarya kake, da kuma na raina ka. To ni ma ka ji tawa. Na yafe maka duk abin da ka lissafa. Ban da takardar. Ita sai mun je can, a zaunar da mu, a ji ta bakin kowa."

Na ce na yarda. Bai saki hannuna ba har aka kira azahar, ya ce in ɗaga shi ya yi taimama. Bayan kwana biyu ya rasu, ni na shiga kabari na karɓe shi. Shari'ata da Yaya Garba tana nan a ɗage, kuma yanzu ranar zaman ba ta da nisa.